Hassan a Cikin Huhun Goro

Duk wanda ya tashi a unguwar Sabo ta Ibadan, in dai ya taɓa sa sabuwar riga ranar Sallah, to Alhaji Rabe Mai Hoto ya taɓa ce masa ya ɗaga haɓa. Tun yana saurayi yake ɗaukar mutanen unguwar: suna, biki, saukar karatu, dawowar alhazai, har da fataken da suka zo daga arewa suna son a gani a gida cewa Kurmi ta karɓe su sun yi kumatu.

Da girma ya fara kama shi, 'yarsa Zulfa ta shiga shagon. Ita ta matsa masa suka kwashe shekaru suna mayar da tsofaffin hotunan cikin kwamfuta. Allah kuwa ya taimake su suka gama a kan kari, don damina na zagayowa rufin ɗakin ajiya ya yi yoyo, abin da ruwa ya rage gara ta ƙarasa. Daga nan aikin Alhaji kaf ya koma cikin wani baƙin akwatin ƙarfe da bai wuce girman burodi ba. Faifan ajiya biyu ne a cikinsa, kuma haka aka ƙera shi: duk abin da aka zuba wa ɗaya, nan take akwatin zai kwafa wa ɗayan, don in wani ya mutu ɗan'uwansa ya riƙe amana. Alhaji ya ɗauki alƙalamin maka ya rubuta wa na sama Hassan, na ƙasa Husaini. Ba wanda zai zo gyaran hoto ya fita bai sha labarin tagwayen ba, kuma kullum da magana ɗaya yake rufewa: "Abin da ke cikin Hassan, shi ke cikin Husaini."

Makon da aka kwantar da Alhaji a asibiti, 'yar fitilar da ke gefen Husaini ta koma ja. Zulfa ta san ma'anar haka. Husaini ya mutu, Hassan kaɗai ke ɗauke da komai, kuma sa'o'in juna ne, rana ɗaya aka saye su. Ba ta gaya wa kowa ba, don mai jinya ba ya bukatar ƙarin abin damuwa. Ta kashe akwatin, ta zare wayarsa daga bango, ta sa wani mai shago a Mokola ya nemo mata sabon faifai. Faifan ya iso ana zaman makoki. Alhaji bai dawo daga asibitin ba.

Cikin waɗanda suka zo daga nesa har da Manniru, ɗan Alhaji na fari. Mahaifiyarsa Saude ta rasu yana goye, danginta suka ɗauke shi suka tafi da shi Gusau, can ya girma ya zama ɗan kasuwar goro. In fatauci ya kawo shi Ibadan yakan leƙo shagon ya gaida mahaifinsa a tsaye, irin gaisuwar baƙo, ya ce mota na jiransa. Wannan karon ma mota na jiransa, shi ya sa Baffa Hashim, ƙanin marigayi, ya ce a yi rabon gado kafin ya tafi.

Maza suka zauna a shago da malami. Zulfa na cikin gida tare da Iya, mahaifiyarta, wadda ke takaba, suna karɓar masu gaisuwa, Baffa Hashim ne wakilin Zulfa. Shi kuwa Baffa mutum ne mai adalci har abin ya yi masa yawa, in ka ba shi ƙwayar gyaɗa ya raba wa mutum biyu sai ya nemi wuƙa. Aka bar wa Zulfa kyamarori tunda ita ke aiki da su, aka daidaita sauran yadda shari'a ta ce. Da aka zo kan akwatin, Baffa ya tuna maganar yayansa. Tunda abin da ke cikin wannan shi ke cikin wancan, ai rabo ya zo da sauƙi, kowa ya ɗauki ɗaya. Akwatin a kashe yake, babu jar fitilar da za ta yi musu gardama.

Washegari da hantsi Zulfa ta buɗe shagon da sabon faifan a jakarta. Ta ɗaga murfin akwatin, ta ga ramin sama fayau. Ta zaro na ƙasan ta juya shi, rubutun mahaifinta ya dube ta: Husaini.

Ba ta yi kuka ba, kukan da take da shi ta gama shi a kwanakin nan. Ta kira lambar Manniru, a kashe. Ta sake kira, a kashe. Ta tsallaka titi da gudu-gudu zuwa rumfar Baffa.

"Baffa, ina Hassan?"

"Wane Hassan kuma?"

"Faifan Baba, na sama."

Baffa Hashim ya gyara zama da jin daɗin wanda ya yi aiki mai kyau. "Yana wajen yayanki. Shi ne babba, ya ɗauki babba. Ke ga naki nan, ai duk ɗaya ne."

"Nawa matacce ne, Baffa. Tun Baba na asibiti ya mutu. Babu komai a cikinsa."

Carbin hannun Baffa ya tsaya. "Subhanallahi. To ke me ya hana ki faɗa?"

"Wa ya tambaye ni?"

Ba ta tsaya jiran amsa ba. Abin da ta samu a bakinsa shi ne Manniru ya tafi kasuwar Shasha tun da sassafe, motarsu za ta tashi bayan Azahar. Ta leƙa gida ta gaya wa Iya a taƙaice. Iya ta ce ta tafi da wani namiji. Zulfa ta ce maza sun yi nasu jiya. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta tare ɗan okada a bakin titi.

Daga shatale-talen Mokola zuwa Ojo cunkoso ne irin wanda ke sa mai haƙuri ya yi zagi. Ɗan okadan ya so ya tsaya bayan wata tirela, ta ce masa da Yarbanci ya kutsa, in ya ji tsoro ya sauka ta tuƙa. Duk hanyar abu ɗaya take gani: tsohon faifai mai shekaru, wanda ko tebur aka bugi sai ta ji gabanta ya faɗi, yana shirin hawa motar kaya ya sha ramukan hanya har Gusau. In ya mutu, fuskokin rabin Sabo sun tafi, aikin mahaifinta na rayuwa ya tafi, kuma ba wanda za a kama.

Ta sami Manniru a Shasha, a inuwar wata doguwar mota da aka riga aka ja wa tamfol, yana zaune a benci yana cin ɗanwake. Dogo ne kamar mahaifinsu, har yadda yake karkata kai irin na Alhaji ne, abin da ya sa ta ji haushinsa ya ragu ba da sonta ba. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ya saurara har ta gama, ya ajiye cokali. "To yanzu mi kike so?"

"Ka ba ni aronsa, Yaya. In haɗa shi da sabo ya kwafe, sannan in dawo maka da shi."

"Ba ya hannuna. Yana cikin kaya."

"Wace jaka?"

"Wa zai sa abu mai daraja a jaka? A hanyar nan?" Ya nuna motar da haɓa. "Yana tsakiyar huhun gorona. Na naɗe shi da ɗanyen ganye da hannuna, na sa shi cikin farin goro, na yayyafa ruwa, aka ɗinke. Ko ƙwai aka sa a wurin zai kai Gusau lafiya."

Da alfahari ya faɗa, kuma a iliminsa gaskiya ya faɗa. Ɗan goro bai san wata ajiya da ta fi tsakiyar huhu ba: ɓarawo ba ya kaiwa, rana ba ta kaiwa, girgizar mota ba ta kaiwa. Abin da ke kaiwa shi ne laima, don ita ake nema, ita ke sa goro ya isa arewa yana ƙaras-ƙaras.

"Yaya, ruwa ne ajalinsa. In ya kwana biyu a cikin ganyen nan, ƙarfe kawai za ka tarar. Don girman Allah a sauke huhun."

Manniru ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "A sauke? Kin san inda yake? Can gaba, bayan kan mota, kayan mutane a kansa. Kuma ko da a bakin ƙofa yake, rabona ne. Ke kin samu mutumin, kin zauna da shi, kin ci abinci da shi, ya koya miki sana'a. Ni guntun ƙarfe aka miƙo mini, shi ma kin biyo shi?"

Maganar ta soke ta, don akwai gaskiya a ciki. Amma ba ta hau okada tun daga Sabo don ta koma da gaskiyar wani ba. Direban ya fito daga masallaci yana kaɗa makulli, wani ƙaton mutum mai tawul a wuya, ya ce kowa ya hau. Zulfa ta miƙe, ta zagaya gaban motar, ta shimfiɗa gefen mayafinta a ƙasa daf da taya, ta zauna.

"Madam, wetin be dis?" in ji direban. "Abeg tashi, tafiya ce a gabanmu."

"Akwai kayana a motarka. In an sauke zan tashi."

Nan da nan aka taru, kasuwa ba ta rasa 'yan kallo. Masu tumatir suka bar kwandunansu, 'yan dako suka jingina da baro. Wata Bayarbiya mai sayar da barkono ta tambayi abin da ya faru, Zulfa ta ba ta labari da Yarbanci, matar ta ɗora hannu a ka ta juya tana rarraba labarin da ƙari. Direban ya kunna mota ya taka totur don ya tsorata ta. Hayaƙi da zafin inji suka bugi fuskarta, amma ko gezau ba ta yi ba.

Manniru ya zo ya tsaya a kanta, kunya ta ishe shi. "Zulfa, tashi. Kina zubar mana da mutunci a kasuwa."

Ta ɗaga kai ta dube shi. Akwai abin da ba ta so ta faɗa a gaban jama'a ba, amma ba ta da sauran wata dabara.

"Yaya, ka san fuskar mahaifiyarka?"

Manniru ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Kakata ta ce ba a taɓa ɗaukarta hoto ba."

"Matar mai hoto? An ɗauke ta. Ni na sa hoton a kwamfuta da hannuna. Tana zaune a kujerar shago, kana cinyarta. Takardar gara ta cinye. Duk duniya babu inda ya rage sai cikin wancan huhun, kuma yana jiƙewa muna nan muna magana."

Manniru ya daɗe yana kallon tamfol ɗin. Sannan ya cire hularsa ya miƙa mata, ya tuɓe babbar rigarsa ya ɗora a kai, ya kama igiya ya haye motar. Direban ya buɗe baki zai yi masifa, mai barkono ta rufe shi da ruwan Yarbanci har ya koma benci ya zauna. 'Yan dako suka hau ba wanda ya kira su.

Aikin ya ci rana. Huhu bayan huhu ana saukewa ana jerawa, masu kaya na tsaye suna ƙunƙuni, kowa na ido kan nasa. Da aka kai ga na Manniru, shi ya farke ɗinkin da wuƙarsa, ya zura hannu har kafaɗa cikin goron, ya zaro wani ƙunshin ganye. Zulfa ta karɓa da hannu biyu ta warware. Faifan ya yi sanyi, raɓa ta kwanta a bayansa, wani guntun ganye ya manne a kan koren allon da ke ƙasansa. Rubutun Alhaji ya ɗan baje amma ana karantawa. Ta goge shi a hankali da busasshen gefen mayafinta.

"Yana da rai?" in ji Manniru, gumi na zuba daga gemunsa.

"Ban sani ba. Ba za a kunna shi yau ba, sai ya bushe sarai. In wuta ta same shi da laima, shi ke nan."

Ya dubi motar da ake sake lodawa, ya dubi abin da ke hannunta. Ya je ya damƙa goronsa a hannun wani abokin tafiyarsa, ya ɗauki jakarsa. Motar ta tashi ba da shi ba.

Faifan ya kwana a shago a kan tsumma mai tsabta, fanka na kaɗa masa. Washegari Zulfa ta ce a ƙara masa yini, Manniru ya yi ta safa da marwa tsakanin shago da masallaci kamar mai jiran haihuwa. Sai a rana ta gaba, bayan an karya kumallo, ta ce to. Ba ta yarda da wutar gari ba, ta sa aka tayar da janareta aka cika shi da mai. Baffa Hashim ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai ce uffan ba, wanda a wajensa babban ban haƙuri ne.

Ta zura Hassan shi kaɗai a raminsa na sama, ta bar na ƙasa a buɗe. Manniru ya ce ina sabon. Ta ce sai akwatin ya gane wanda ke da kaya tukuna, don an sha samun wanda ya yi garaje, akwati ya ɗauki babu ya shafa a kan akwai. Ta yi bismillah ta danna.

Da farko shiru. Sai wani ɗan ƙas-ƙas da bai yi mata daɗi ba, sannan siririyar ƙarar juyawa da ta saba ji shekara da shekaru. Fitilar ta yi ƙifta-ƙifta, ta tsaya a kan kore.

Hannunta ya kai kan sabon faifan, sai ta tsaya. Kwafe komai aikin yini ne, kuma aiki ne mai gajiyar da tsohon faifai, zai iya cikawa a tsakiya. Ta ajiye sabon. Ta buɗe ma'ajiyar shekarun farko, ta nemo hoto guda, ta tura shi wayar Manniru, ta kuma tura wa injin buga hoto. Sai da takardar ta fito sannan ta zura sabon faifan a ramin Husaini. Fitilar ƙasa ta kama ƙiftawa ruwan ɗorawa, alamar an fara kwafa.

Manniru bai ga wannan ba. Yana zaune a kujerar da ake zaunar da masu ɗaukar hoto, takardar na hannunsa. Wadda ke cikin hoton yarinya ce, ba ta kai shekarun Zulfa ba, da ɗaurin ɗankwali irin na da, da jariri a cinya. Ba ta yi irin tsayuwar fuskar da mutane ke yi wa kyamara ba. Dariya take yi sosai, har ta ɗan kare baki da hannu.

"Wa take yi wa wannan dariyar?"

"Wanda ke riƙe da kyamarar," in ji Zulfa.

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa. Baffa Hashim ya ja ƙofar shagon a hankali ya koma waje, ya tsaya yana korar masu leƙe.

Janareta ya yi ta ruri, aka yi Azahar, aka yi La'asar. Zulfa ba ta matsa daga gaban akwatin ba, abincin da Iya ta aiko ma a nan ta ci. Rana ta yi sanyi lokacin da fitilar ƙasa ta daina ƙiftawa, kore biyu suka tsaya ɗaya bisa ɗaya. Ta kashe akwatin, ta zaro sabon faifan, ta ɗauki makar mahaifinta. Wanda aka haifa bayan tagwaye sunansa sananne ne, ta rubuta masa Gambo. Sannan ta zaro Hassan ta miƙa wa Manniru.

"Ga rabonka, Yaya. Na gode da aro. Amma a aljihu, don Allah, ba a huhu ba."

Bai karɓa ba. "In na tafi da shi, wannan ya koma shi kaɗai ke nan?"

"Har in samu wani."

"Mayar da shi wajen ƙaninsa. Mutanen da ke ciki 'yan nan ne, nan za a zo nemansu." Ya miƙa hannu kan tebur ya ɗauki Husaini, wanda ke ajiye a gefe tun ranar. "Wannan za ki ba ni."

"Yaya, babu komai a cikinsa."

Ya shafa babban yatsansa a kan baƙaƙen da aka rubuta da maka.

"Akwai rubutun Baba," ya ce.

Ya naɗe shi a busasshen hankici, ya haɗa da hoton, ya sa a aljihun ƙirjinsa. Zulfa ta mayar da Hassan da Gambo ramukansu ta rufe murfin. A lokacin ne kukan da ta zaci ta gama ya zo mata, kuma yayanta bai ce mota na jiransa ba.